Sarjan a Tsakiyar Kogi

Hayatu yana ɗan shekara goma sha biyu ya fara ganin fim ɗin yaƙin, a zauren mai bidiyo a Badaguishiri, ranar kasuwa. Wani sarjan ne ya goya abokinsa da aka harba, ya shiga kogi da shi. Daidai nan kaset ɗin ya lalace. Ko sau nawa aka sa, ruwa na kai wa sarjan ƙirji sai hoto ya ɗauke.

Da ya girma ya nemi aikin soja, aka auna shi a Tahoua aka ce ya yi gajarta. Ya dawo noman albasa. Amma duk damina, in korama ta cika, shi ke goya tsofaffi da marasa lafiya ya tsallakar da su, yana laluben ƙasa da sanda.

A 1998 wani jandarma ya zo da cikakken kaset. Ashe rami sarjan ya faɗa, ruwa ya tafi da su duka biyun.

Hayatu ya ce, "Namiji ne, ranka shi daɗe. Amma ba a shiga baƙon ruwa ba sanda."