Na Ce wa Baba Ɗigo Ne Kawai

Edita, na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko muku, ban taɓa zaton ni ma zan zauna in rubuta nawa ba. A lokacin da abin ya faru, ni kaɗai ce 'yar boko a gidanmu da ke Zangon Wagadugu. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har na samu ɗan aikin sakatariya a wani kamfani a Kossodo, ina da babur ɗina, ina cusa Faransanci a tsakiyar Hausa ko ba a tambaye ni ba. Ba zan ɓoye muku ba, ina ji da kaina. Aurena ya mutu na dawo gida, ba a jima ba mahaifiyarmu ta rasu, sai tukunyar Baba ta dawo hannuna. Duk wata magana da ta shigo gidan da harshen Nasara ni ake kira, kuma abin da na faɗa ya zauna.

Baba shi ne limamin ƙaramin masallacin da ke manne da katangar gidanmu. Kakanninsa fataken goro ne, amma shi karatu ya kama, kuma bai mallaki komai a duniya ba da ya kai masa tsayuwar nan a gaban sahu. Tun ina yarinya muryarsa a lasifika ita ce agogona. Yakan ce roƙonsa ɗaya ne, Allah ya bar shi a kan ƙafafunsa yana jan salla har ranar da za a ɗauke shi. A unguwarmu kuwa akwai al'ada: liman ne ke yanka ragon suna da na Layya, kuma ba a barinsa ya tafi hannu rabbana, sai an biyo shi da hanta da ƙoda, ana cewa rabon malam ne. Saboda haka gidanmu ba ya rabo da kayan ciki. Ni kuma, ba yabon kai ba, na iya farfesu. Idan na ɗora, har 'yan layin baya sai sun leƙo gaisuwa.

Wata safiya da damina Baba ya tashi da babban yatsan ƙafarsa ta dama ya kumbura, ya yi ja yana sheƙi, ko bakin riga ya taɓa wurin sai ya runtse ido. Tsofaffin unguwa suka duba suka ce sanyi ne. Bayan 'yan kwanaki ya lafa kamar ba a yi ba, muka manta. Da ya sake dawowa, wani maƙwabci ya ɗauke shi zuwa ƙaramin asibitin unguwa ina wurin aiki, aka ɗebi jininsa. Ma'aikacin da ya duba shi ya yi masa bayani da Faransanci haɗe da Mosanci, harshen Mosawan ƙasar, Baba kuwa Mosancinsa na ciniki ne kawai. Sai ya dawo gida riƙe da kalma ɗaya a bakinsa, yana ta maimaita ta don kada ta ɓace masa.

Da yamma ina shigowa ya kira ni. Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ce in faɗa masa ma'anar "la gut", domin an ce ita ce ke damunsa. Na yi dariya, wallahi har da tafa hannu. Na ce masa kalmar ai ɗigo take nufi, kamar ɗigon ruwa, wato ɗan abin da suka gani a jinin bai taka kara ya karya ba. Ya ce amma kamar ya ji an ce ya rage nama, kuma ya koma a sake dubawa. Na ce masa likitocin yanzu ko ciwon kai ka kai musu sai sun hana ka nama, kuma ta yaya tsoho mai fama da sanyi zai bar romo mai zafi? Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya yi hamdala, ya ce tunda ni na faɗa, hankalinsa ya kwanta. Bai koma asibitin ba, ni ma ban tambayi kowa ba.

Daga nan na ɗaura ɗamarar jinya irin wadda na sani. Duk lokacin da ciwon ya tashi, sai in ƙara hanta a tukunya, in cika citta da masoro da kanumfari, wai ina korar sanyi. Maƙwabta masu zuwa dubiya suna kawo zom-kom, ruwan garin geron nan na Mosawa da ake zuba wa sukari har ya yi kauri, wasu kuma lemon kwalba. Ruwan randa kuwa ni da kaina na hana shi yawan sha, na ce yana ƙara sanyi. Idan zafin ya yi tsanani, sai in biya ta kasuwar Sankaryare in sayo masa ƙwayoyin kashe ciwo a wurin masu talla. Yana sha ya samu sauƙi, ya sa mini albarka, ni kuma in ji daɗi.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Ciwon ya bar yatsa ya hau idon sawu, daga nan gwiwa. Wasu ƙulluttai masu tauri suka fito masa a gaɓoɓin hannu. Ya yanke gefen takalminsa don ƙafar ta shiga. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne zaman tahiya, domin a zaman nan babban yatsan dama ne ake kafawa a ƙasa, daidai inda ciwon ya yi gida. Yakan shigo daga masallaci jiƙe da gumi ko da sanyin asuba. Na fara jin ƙishin-ƙishin cewa sallar liman ta yi nauyi, yana daɗewa kafin ya ɗago. Shi dai bai taɓa yin ƙorafi ba, iyaka ya ce ɗigon nan nawa yana da naci.

Ranar da ba zan manta ba ta zo ne bayan wata Babbar Salla, lokacin da rabon malam ya cika mana gida. Ina gaban murhu ina juya farfesu aka ta da sallar magariba. Na ji ya karanta Fatiha da sura, na ji kabbarar ruku'u, na ji ta sujada. Sai shiru. Na tsaya da ludayi a hannu ina jiran kabbarar ɗagowa, ba ta zo ba. Wani daga cikin sahu ya ce subhanallah, wasu suka maimaita. Can sai na ji wata murya daban ta yi kabbara, muryar na'ibinsa, mutumin da Baba ya koya wa karatu da hannunsa. Shi ya ƙarasa sallar. Baba kuwa ɗauko shi aka yi aka shigo da shi gida, ya rufe fuskarsa da rawani. Ban taɓa ganin kunya irin wadda na gani a jikinsa ran nan ba.

A babban asibiti ni na yi gaba, ina zuba Faransanci kamar yadda na saba. Na gaya wa likitar da ta karɓe mu cewa an taɓa duba shi, aka ce ɗigo ne kawai. Ta dube ni, ba ta yi faɗa ba, ta dai tambaye ni tun yaushe. Sannan ta bayyana mini cewa kalmar tana da ma'ana ta biyu, sunan cuta ne. Ta ce akwai wani sinadari da ake kira asid urik, jiki na fitar da shi ta fitsari, idan ya yi yawa sai ya daskare a gaɓoɓi kamar tsinin allura. Ta ce hanta da ƙoda da sauran kayan ciki da romonsu da abin sha mai yawan sukari suna ƙara shi, ƙarancin shan ruwa kuma yana taimaka masa ya taru. Ta tambayi abin da yake ci, ina ba ta amsa, sai na ga duk abin da ta hana shi ne abin da nake dafawa. Gwaji ya nuna har ƙodarsa ta taɓu, kuma ƙwayoyin da nake sayowa suna da hannu a ciki. Na tambaye ta, da ya koma tun farko fa? Ta ce cuta ce da ake iya riƙewa da magani da gyaran abinci, mutane da yawa suna rayuwarsu lafiya da ita. Na fita baranda na yi kuka har na gode Allah.

Yanzu Baba yana shan maganin da aka rubuta masa kullum, butar ruwa ba ta barin gefensa, miyarsa ta ganye ce, nama sai ɗan kaɗan jefi-jefi. Ciwon ya rage tashi, amma gwiwa da yatsan sun riga sun lalace, ba sa lanƙwasuwa. A kan farar kujerar roba yake salla, a ƙarshen sahu, bayan ɗalibinsa. Rabon malam ya koma gidan sabon liman, kuma na je da ƙafata na zauna da matarsa na gaya mata komai. Da na durƙusa na nemi gafarar Baba, cewa ya yi na fassara iya abin da na sani ne, sauran kuma rubutacce ne. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ina roƙon masu karatu, ba kowane ciwon gaɓa ba ne sanyi. Idan yatsa ko gwiwa ya kumbura ya yi zafi, ya tafi ya dawo, a je a gwada jini, kuma in an ce a koma, a koma. A bar sayen ƙwaya a hannun masu talla. Ku kuma 'yan'uwana da iyaye suka dogara da bokonku, ku ji tsoron Allah a kan abin da kuke fassara musu, domin sun ɗauki maganarku tamkar ta likita.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba bai daina yarda da ni ba. Har yau idan ya ji wata kalma a rediyo sai ya kira Uwata, ya tambaye ni ma'anarta. Ko na san ta, sai in ce masa ban tabbata ba, bari in tambaya. Yakan yi murmushi ya ce bokon nawa ya ragu. Sai a kira magariba, in ɗauki kujerarsa in kai masa bakin ƙofar masallaci, in dawo gaban murhu ina sauraron muryar wani.