A-kori-kurar Baba Sahabi

Har gobe ba zan manta da Larabar da Baba Sahabi ya shigo filinmu da tsohuwar a-kori-kurarsa ba, kuma duk sanda na tuna sai raina ya sake ɓaci. Na rubuta wannan ne saboda ku da za ku gaje ni a teburin takardu.

Lokacin ina shekara ta biyu a kwaleji, ina zaune a Gwadangaji. Ranakun da babu lacca nakan tafi filin sayar da motocin hannu da ke Nassarawa, inda nake rubuta takardar ciniki. Ga wanda bai san tsarin ba, mai mota yakan kawo motarsa, dillali ya nemo mai saye, a shiga tayi. In kuɗin bai yi wa mai mota ba, ya ce albarka. In ya yi masa, ya ce ya sallama, daga nan ciniki ya faɗa. Sai a zo wurina in duba lambar inji da ta shasi, in gwada su da takardun mota, in rubuta yarjejeniya, shaidu biyu su sa hannu. Magatakarda ba ya sa baki a ciniki. Dokar nan ta yi mini daidai, don ni dama ba mai magana ba ne.

Baba Sahabi manomin shinkafa ne daga Argungu. Motarsa fara ce da ta koma ruwan ƙasa, ƙofar gefen fasinja da igiya ake riƙe ta, amma injin lafiya lau. Da ita yake kwaso shinkafarsa daga fadama, kuma saura mako uku a fara yanka. Kafin dillalai su ankara da shi ya zauna a bencina, ya warware wata leda, ya fiddo rasit ɗin da ya sayi motar.

"Duba nan, ɗana. Dubu ɗari huɗu da hamsin nis saye ta, shekara ashirin ke nan. Ta tsuhwa. In kuɗɗina sunka dawo, sai in ɗan ƙara in ɗauki wadda ta hi ta."

Na ji shi sarai. Ni nake rubuta farashin motoci kowane mako, na san abin da wadda ta fi ta take kaiwa yanzu. Amma dattijo ne, ya yi jika da ni, sai nauyinsa ya kama ni. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Allah ya ba da sa'a, Baba."

Arzika, babban dillalin filin, bai ɓata lokaci ba. Ya kawo wani matashi daga Zauro mai suna Lawali, wanda ya sayar da shanunsa biyu don ya fara jigilar shinkafa. Lawali ya zagaya motar, ya tayar da ita, ya taya miliyan ɗaya da rabi.

"Kai yaro, ba'a kaka yi mani?" in ji Baba Sahabi.

Arzika ya raɗa masa ya ce albarka. Ya faɗa da kyar. Da tayi ya kai miliyan biyu da dubu ɗari biyu, bai jira raɗar kowa ba, ya ɗaga murya ya ce, "Na sallama!"

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da ya dawo teburina yana tambayata a hankali ko wannan riba ta halatta, wai kusan ninki biyar, kada a ce ya cuci ɗan mutane. Shi da aka bari a rana, shi ke tsoron hakki.

Ban iya faɗa masa kai tsaye ba, sai na fake da aikina. Na ce dole mai mota ya tsaya a kaina in duba lambar shasi. Maimakon mu miƙe zuwa motarsa, na bi da shi ta layin da muke jera a-kori-kura. Ya tsaya gaban wata shuɗiya, ya shafa bodinta.

"Wagga nika so. Nawa?"

"Miliyan tara aka taya jiya, Baba, an ce albarka."

"Ita ɗaya, ko duk layin?"

Na ce ita ɗaya. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ina faɗa masa kuɗin kowacce. Da muka kai ƙarshe ya ce to wacce kuɗinsa za su saya. Na ce a duk filin nan tasa ce kawai, ita ma zuwa wata mai zuwa ban yi alkawari ba. Motarsa ba daraja ta ƙara ba, kuɗin ne suka lalace. Abin da ya saya da dubu ɗari huɗu da hamsin a wancan zamani, yau ko injin shuɗiyar ba zai kawo ba.

Da muka koma, na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ce ba a sa hannu ba tukuna, in mai saye ya yarda ana iya warware ciniki. Arzika ya taso mini.

"Malam ɗan boko, biro anka ba ka ko baki? La'adata za ka biya?"

Lawali ya ce, "In Baba ya ce a hwasa, na hwasa."

Na ji kamar an sauke mini dutse. Kalma ɗaya ta rage daga bakin mai mota. Baba Sahabi ya gyara zaman hularsa.

"Na haura saba'in ban taɓa sallamawa in lashe ba. Yaron ga bai cuce ni ba, rasit ɗina ya cuce ni. Rubuta." Sannan ya juyo gare ni. "Kai kuma da kas san haka tun da sahe, mi ya hana ka hwaɗi?"

Na rubuta yarjejeniyar, ko harafi ɗaya ban kuskure ba, kuma ban taɓa jin haushin kyawun rubutuna irin na ranar ba.

Bayan wata guda aka aike ni Argungu da takardun canjin mallaka. Kusa da shiga gari na hangi farar a-kori-kurar ta fito daga fadama, an lafta mata buhuna. Lawali ke tuƙi. Baba Sahabi na gefe, ya naɗe igiyar ƙofar a hannu. Suka tsaya muka gaisa. Na tambayi Baba Sahabi batun motar da ya so saye, ya ce kuɗin sun fara tafiya a taki da man injin ban-ruwa, farashi kuma bai jira shi ba.

"Kowane sawu biya nika yi, ɗana," ya ce. "Cikin motata. Kuma har yau yaron ga bai gane giya ta biyu lallashi taka so ba."

Abin da na koya shi ne, mutanenmu da farashin ranar da suka saya suke auna mota, kuma dattijo zai gwammace ya rasa abin hawansa da ya janye kalmarsa. Saboda haka maganar da za ta cece shi kafin tayi ake yin ta. Tun daga ranar, duk wanda ya zauna a bencina ya fara warware leda, nakan ce masa, "Baba, ajiye rasit ɗin tukuna, zo mu zagaya layi." Arzika har yanzu yana tsaki in ya gan mu. Ku bar shi ya yi.