Ranar da Mahaifina Ya Karya Azumi a Tsakiyar Tafsiri

Shekarun baya, ba da daɗewa da kafa Shari'a a jiharmu ba, lokacin kowa yana ji da addininsa, wani abu ya faru a masallacin unguwarmu a Daura wanda har yau in na tuna sai in ji kaina ya ƙara girma. Mahaifina malamin zaure ne. Da safe yana ba da karatun littattafai, in azumi ya kama kuma yana tafsiri bayan la'asar, ni ina ja masa baƙi. Ba wai na fi 'yan'uwana murya ba ne, ni dai ne ban iya ce masa a'a ba.

Ciwon suga ya daɗe da kama shi, amma bai taɓa kiran sunansa ba, sai ya ce "baƙon nan". A azumin shekarar da ta gabaci wannan ya taɓa yanke jiki ya faɗi a soro, aka yayyafa masa ruwa, ya farfaɗo ya ce rana ce kawai. Mahaifiyata ba ta yarda ba. Tun da watan Rajab ya kama ta sa shi gaba, har ya gaji ya ce in raka shi babban asibitin koyarwa a Kano, ko kunnensa ya huta.

Asibitin nan gari guda ne. Ni da na zo a matsayin ɗan jagora, sau biyu ina kai mu ɓangaren masu haihuwa, Malam yana biye da ni yana gyaran murya. Da ƙyar muka samu ɗakin masu ciwon suga. Likitar da muka tarar mace ce, ba za ta girmi yayata ba. Duk abin da ta tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: "Alhamdulillahi, da sauƙi."

Sai ta ajiye biro ta dube shi. "Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In da sauƙin ne ya kawo ku daga Daura, to ku ba ni labarinsa."

Malam ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Nan ya kwance mata komai, har faɗuwar soro da ya hana a faɗa wa kowa.

Bayan an auna shi, ta ce masa gaskiya ita da son samu ne ya bar azumi ya riƙa ciyarwa. Ya ce wannan kam babu. Ba ta yi gardama ba, da alama ta saba jin amsar. Ta ce su a asibitin suna wani bincike a kan masu ciwon suga da ke azumi, tunda ko an hana mutanenmu sai sun yi, gara a san yadda za su yi shi ba tare da sun halaka ba. Za a canja masa lokacin shan magani, a ba shi 'yar na'urar awon suga, a riƙa tsira masa allura a yatsa ana duba jinin da rana, su kuma su riƙa bin sawunsa har bayan Sallah.

"Ba dole ba ne, Baba," in ji ta. "In kun ƙi, kulawar da za mu yi muku ba za ta ragu ba. In kun shiga kuka gaji, ƙofa a buɗe take."

"Wa zai amfana da shi?"

"Ku kanku, sai kuma waɗanda za su zo bayanku."

"To, ai sadaka ce ke nan."

"Amma da sharaɗi ɗaya." Ta nuna masa wata lamba a fuskar na'urar. "Duk ranar da ta sauka ƙasa da wannan, za ku sha ruwa nan take, ko da ladan ya riga ya kama kunne zai kira magariba. In ba za ku iya ba, gara kada ku shiga."

Malam ya shafa gemu. Mutumin da tun da ya balaga bai taɓa shan azumi ba. Can ya ce, "Na yi alƙawari, 'yata." Ni kuwa a raina na ce, an dai faɗa ne don a rabu lafiya.

Aikin tsira allurar ya faɗo kaina, ni da ko kaza ake yankawa sai na kau da kai. Kullum in runtse ido in danna, Malam ya ce, "Wai ni ake soka ko kai?" Wasu suka fara ƙananan maganganu, wai fitar da jini yana karya azumi. Ya ce musu in haka ne, duk manomin da ƙaya ta soka a gona ya sha azumi ke nan. Mahaifiyata kuma kullum za mu fita tafsiri sai ta cusa mini dabino a aljihu. Wata ma'aikaciyar jinya daga asibitin takan kira wayata ta ji yadda muke, har ta san muryar ƙanwata.

Goma na marmari suka wuce lafiya. A cikin goma na wuya aka yi rasuwa a unguwa, Malam ya yi wa mamacin salla, ya bi gawa har maƙabarta a ƙasa, ga zafin ƙarshen damina. Na ce ya huta da tafsirin ranar, ya yi kamar bai ji ba.

Masallaci ya cika har waje, an shimfiɗa tabarmi a bakin hanya. Ina jan baƙi yana fassarawa, har rana ta yi sanyi, ƙamshin ƙosai ya fara shigowa daga gidajen maƙwabta. Sai na ji ya fassara aya, ya tsaya, ya sake fassara ta. Malam ba ya maimaita magana. Na dube shi: gumi ya jiƙa gefen rawaninsa, hannun da ya dafa littafi yana karkarwa, harshensa ya fara nauyi.

Na jawo na'urar daga aljihu, na kama yatsansa a ƙarƙashin babbar rigarsa don kada a gani. Ranar ban runtse ido ba. Lambar da ta fito ta yi ƙasa da wadda likita ta nuna mana, ƙasa sosai.

Ku tuna wane zamani ne: lokacin da in aka ga babba yana tauna ko goro ne da rana a watan azumi, sai labarin ya riga shi isa gida. Ga kuma wannan, malamin da ke koya wa mutane hukuncin azumi. Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Baba, mu shiga gida ku sha ruwa, in ce kun je sabunta alwala." Ni a ganina na kawo dabara.

Ya girgiza kai. Ya miƙo mini tafin hannu. "Ba ni dabinon uwarka."

Na ba shi. Ya ɗago shi sama yadda har na sahun baya za su gani, ya yi bismilla, ya ci. Ya ce a miƙo masa ruwa.

Sai wani matashi daga cikin masu zafin nan ya miƙe. "Allah gafarta Malam, rana fa ba ta faɗi ba!"

Malam bai amsa ba sai da ya ƙara dabino, ya kurɓi ruwa, ya jingina da bango na ɗan lokaci. Ni ina zaune kamar an dasa ni, ina jin idon kowa a kanmu. A hankali karkarwar ta lafa, muryarsa ta dawo.

"Na gan ta, ɗana, idona lafiya lau," ya ce. "Ina da ciwon suga." Ranar ce farko da na ji ya kira shi da sunansa. "Na yi wa likita alƙawari, in abin nan ya nuna haka zan sha ruwa, kuma alƙawari kaya ne. Wanda ya wajabta mana azumi shi ne ya yi wa marar lafiya rangwame. Yaron nan ya ce in shiga gida in sha a ɓoye. In na ɓoye, akwai wanda yake zaune a nan da irin ciwona, gobe zai faɗi ya mutu don kunyar idonku, kuma ni za a tambaya." Sai ya juyo gare ni. "Ja, daga inda muka tsaya."

Na ja, muryata tana rawa, ni da azumina yake nan daram.

Ba zan ce kowa ya ji daɗi ba. An yi kwanaki ana maganar a majalisu, har aka samu waɗanda suka koma wani masallacin. Amma washegari da hantsi, wani tsohon abokin Malam, mai fataucin dabbobi daga wajen Mashi, ya yi sallama a zaure. Ya daɗe yana kewaye-kewaye a kan tsadar raguna, sannan ya miƙo mini yatsa yana kallon rufin ɗaki. "Ɗan nan, ɗan soka mini abin nan naku in gani." Ashe ya yi shekaru da ciwon, ko iyalinsa ba su sani ba. Kafin Sallah na zama ƙaramin likitan unguwa, har ma'aikaciyar jinyar ta ja mini kunne a waya cewa kowa da allurarsa sabuwa, kuma in turo su asibiti, kada in ɗauki kaina abin da ban zama ba.

Bayan Sallah muka koma Kano, amma ba mu biyu ba, mota guda muka cika da dattawa. Likitar ta duba na'urar, ta ga lambar ranar da lokacinta, ta ɗago ta dubi Malam.

"Baba, kun sha?"

"Na sha, 'yata."

"A gida?"

"A masallaci, a gaban jama'a."

Sai ta ce abin da ya fi ba su wahala a binciken nan ba magani ba ne, samun wanda zai yarda ya karya azumi ana gab da shan ruwa ne. Ta roƙe shi ya shiga ya yi wa masu jiran layi magana. Ya yi, a tsaye, riƙe da katin asibitinsa kamar kowa. Da sanyi ya shigo ya rama azuminsa na ranar, na taya shi.

Na ga mahaifina ya yi abubuwa da yawa na malanta, amma ban taɓa alfahari da shi kamar yammacin nan ba. Da ina ɗauka ƙarfin addini shi ne mutum ya daure ko zai mutu. A wurinsa na ga akwai daurewar da ta fi wannan wuya: ka bari a gan ka da rauni don wani ya tsira.

Allah ya yi masa rasuwa bayan ya ga 'ya'yana, kuma ba sugan ne ya yi ajalinsa ba. Yanzu ni ke zaune a buzunsa da azumi, baƙon nan kuma na gaje shi kamar yadda na gaji littattafan. Kullum kafin in buɗe tafsiri nakan ciro dabino daga aljihu in ajiye shi kusa da littafi, inda kowa zai gani. Baƙi sukan tambaya ko na buɗa-baki ne. 'Yan unguwa ba sa tambaya.