Fedal a Kan Turmi

Wata ranar Alhamis maigidanmu, shugaban ƙungiyar kiɗan bikin da nake ciki, ya dawo daga kasuwar Maigatari da wani baƙin akwati a hammata. Ya dire shi a zauren da muke gwaji a Gumel. Fedal ake ce masa. Waya za ta fito daga jita ta shige shi, wata ta fita zuwa sifika, shi kuma ya juya muryar jitar yadda aka so: ta yi zaƙi, ta yi amsa-kuwwa, ko ta yi gurnani. Madannansa na ƙarfe ne, da ƙafa ake taka su, tunda hannu biyu suna kan jita.

Ni kuwa shan inna ya nakasa min ƙafafu tun ban iya magana ba. Shekara tara ina kaɗa musu jita a zaune kan tabarma, ba wanda ya taɓa tunawa da ƙafata sai ranar.

"Ƙanena," in ji maigida, yana kallon bango, "abin nan na masu takawa ne. Akwai wani a Gagarawa Tasha da ya iya shi. Kai sai ka koma amshi."

Na san mutumin. Kiɗansa ba laifi, in dai ba a taɓa jin nawa ba. Mai gangarmu ya ce ai da sauƙi, shi zai riƙa taka min. Wannan ta fi ɓata min rai.

"In kai ka taka, kiɗan naka ne ko nawa?" na ce masa. Na juya ga maigida. "Ranka ya daɗe, a bar min shi zuwa bikin da za mu yi a garin Ɗanzomo. In na kasa, da hannuna zan miƙa jitar."

Na ɗora akwatin a kekena na guragu na tafi gida. Mai shi na farko ya cika shi da muryoyi barkatai, kowace da lambarta, wata a nan wata can. Na gano madanni ɗaya gaba yake kaiwa, na kusa da shi baya. Sai na share tarkacen, na jera nawa yadda muke kiɗa: ta farko wankakkiya don shigowar amarya, ta biyu mai amsa-kuwwa, ta uku mai gurnani don lokacin da mata suka cika fili. Na daidaita ƙarfinsu don kada wata ta fi wata ƙara. Yanzu madannin gaba kaɗai nake buƙata. Akwai wani babban abin takawa a gefensa mai kama da totur ɗin mota, na rage ƙara, shi na ƙyale shi, ɗan ƙaramin yatsana ya ishe ni rage ƙara a jikin jita.

Saura da me zan danna. Na kife tsohon turmin ƙanwata a hannun damana, na ɗaure fedal a kansa da robar tayar keke, ya zo daidai gwiwar hannuna. Kwana biyar ina bugu har wurin ya yi kanta.

Ranar bikin, bayan azahar, na ga maigida ya taho da mutumin Gagarawa Tasha, ya ba shi kujera a bayana. Na gane jira yake in kasa. Waƙa biyu suka wuce lafiya lau. A ta uku, mata sun shigo fili, gumi ya sa hannuna ya zame, na danna madanni biyu tare. Haka ake kashe muryar in za a gyara tsirkiya. Jita ta yi tsit, ganga kaɗai ke tashi.

Mutumin ya miƙe, ya miƙo hannu ta saman kafaɗata.

"Malam, kada ka taɓa," na ce, ban waiwaya ba.

Na maka gwiwar hannu a madannin gaba. Gurnani ya dawo da ƙarfinsa, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, rawa ta ci gaba. Ban sake kuskure ba har aka tashi.

Ana naɗe wayoyi sai ga mutumin ya tsaya a kaina, maigida na gefensa.

"Don Allah, nuna min yadda ka jera muryoyin nan," ya ce.

"Daga can sama ba za ka gani ba," na ce masa. "Sai ka zauna."

Ya tattare rigarsa ya zauna a ƙasa kusa da ni. Maigida ya daɗe a tsaye, sannan shi ma ya durƙusa.