Wayar Wutar da Ta Ci Buhu Uku na Masara

Akwai Asabar ɗin da ko na tsufa har na manta sunayen ɗalibaina, ita kam ba za ta fita daga kaina ba. A lokacin ina koyar da adabi a wata sakandare a Birnin Gwari, kuma ina da rauni guda: son jin kiɗan garaya a rediyona mai manyan lasifikoki biyu.

Wata shekara gonata ta Kutemeshi ta yi kyau, na yi wa maiɗakina alkawarin keken ɗinki. Na tafi Kaduna da kuɗin buhu uku na masara, na komo da wayar wuta mai kaurin maciji a cikin akwati mai laushi. Mai shagon ya rantse mini cewa tana tace wuta kamar yadda rariya ke tace koko. Maiɗakina ta juya ta, ta shinshina, ta ce, "Malam, ta ina ake sa zaren?"

Ban kula ta ba. Na jona, na rufe ido, na kuwa ji garaya ta ƙara zaƙi. Kashegari na kai labari ofishin malamai.

Malamin kimiyyarmu, mutumin kudancin Kaduna ne kuma shi ke koyar da mawaƙa a cocinsu, ya cire tabarau ya dube ni. "Malam, wutar nan daga janaretarka take fitowa, ta bi waya taku ashirin wadda ɓera ya ci, ka naɗe da leda. Sai a takun ƙarshe za ta tuba ta zama ta kirki?"

Na ce kimiyya ba ta da kunne. Ya ce to a gwada nawa kunnen. Za a sa rediyon a bayan labule, a sauya waya sau shida tsakanin tsohuwar da sabuwar, ni kuma in faɗi wacce ce. In na faɗi jarrabawar, ran Litinin zan tsaya gaban malamai duka in ce an yi mini wayo. Mutum irina da ya shekara ashirin yana jan jan biro a takardun 'ya'yan mutane, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Ran Asabar bayan la'asar ya zo gidana da shaidu biyu. Ya rubuta jerin sauye-sauyen a takarda biyu, ya riƙe ɗaya, aka miƙa wa maiɗakina ɗaya a ɗakin ciki, tunda can rediyon yake. Aka tayar da janareta, garaya ta fara.

Jama'a, ban ji komai ba sai garaya. Na karkata kai dama, na karkata hagu, na yamutsa fuska irin ta masana. Na yanke shawarar in yi canke.

"Wannan ai tsoh…"

Sai na ji gyaran murya daga bayan labule. Na san wannan gyaran muryar. Ita ce wadda nake ji duk lokacin da zan yi ɓaranɓarama a gaban surukai.

"…wato sabuwa ce," na ƙarasa. "Ku ji yadda tsirkiyar ke numfashi."

Malamin kimiyya ya duba takardarsa, ya ce daidai. Daga nan na gane hanya: in fara magana a hankali, in saurari labule. In shiru, in ci gaba. In an yi gyaran murya, in juya. Shida cikin shida na ci. Har na yi musu ƙarin bayani a kan tsarkin sauti, shaidu suna gyaɗa kai.

Da zai tafi, abokina ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga murya. "Madam, sannu da aiki. Amma a nemi citta da zuma, wannan maƙogwaron yana bukatar kulawa." Bai ƙara komai ba, ran Litinin ma bai ta da zancen ba. Har yau ina ganin girmansa.

Na shiga ciki ina shirin godiya, sai na ga tsohuwar waya ce a jikin rediyo, da ƙurarta.

"Ina sabuwar?"

"Tana ɗaure da ƙofar akurki tun ran Talata," in ji ta. "Igiyar ta tsinke, muzuru kuma ya matsa wa kaji."

"To me kike sauyawa?"

"Kashewa nake in kunna. Ai kwana huɗu kenan kana kirana in zo in ji yadda garaya ta ƙara zaƙi." Ta naɗe takardar ta miƙo mini. "Gyaran murya uku na yi, Malam. Kowanne buhu ɗaya."

Kafin watan ya ƙare keken ɗinki ya shigo gida. Wayar kuwa tana nan a akurki, kuma a gaskiya ban taɓa ganin abin da ya riƙe ƙofa kamarta ba.

Abin da na koya shi ne, idan mutum ya biya abu da tsada, kunnensa yakan koma lauyan aljihunsa. Tun daga ranar, duk abin da na ji ya yi mini daɗi fiye da kima, sai na leƙa bayan labule tukuna.