Gwaggo Ladi da Kayan Araha

Duk wanda ya taɓa raka Gwaggo Ladi Babbar Kasuwa ya san ba ta fita sai da ashana a jaka. Idan mai atamfa ya rantse mata cewa kayansa auduga ce zalla, sai ta tsinko zare daga bakin turmin, ta ƙyasta masa wuta. In ya zama toka, a yi ciniki. In ya dunƙule, sai ta tambayi mutumin tun yaushe ya koma sayar da leda.

Ni 'yar ƙanenta ce, a hannunta na tashi a Doka, lokacin tana buga takardu a ma'aikata, don haka kunyar kasuwa ba wanda ya kai ni shan ta. Wata rana muka je sayen bokiti, mai shagon ya ce ko mota ta taka shi ba zai fashe ba. Gwaggo ta kife bokitin, ta dafa kafaɗata, ta hau. Kun dai san jikinta. Da muka samu muka zaro ƙafarta daga ciki, mutumin ya ce sai ta biya.

"Zan biya, ɗan nan," in ji ta. "Amma mota ka ce. Ni ko babur ban kai ba."

Mijinta, Baba Audu, shi kuma ba ya iya wuce araha. Ya taɓa shigowa da fanka daga Kawo, bakinsa har kunne. Aka kunna. Tana ƙara, tana juya kai dama da hagu, iska ce kawai babu. Muka zaci za a yi faɗa. Gwaggo ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce a bar ta a falo, ta samu mai taya ta girgiza wa Baba Audu kai.

Da aurena ya zo, na so a jera mini tukwane masu ƙyalli, saiti-saiti, irin na ƙawayena. Ta sayo ƙwaya uku masu nauyin turmi. Na yi kuka, na ce dangin miji za su yi mini dariya a Katabu. Ta ce su yi, ai haƙoransu ne. Sun kuwa yi. Yau duk mai suna ko biki a cikinsu, gidana take zuwa aro.

Bayan rasuwarta muka buɗe sito don a raba kaya, sai ga jarkoki jere, cike da sabulun ruwa. Na zuba a hannu na cuɗa, ko kumfa babu. Na maƙwabciyarta ne, Maman Isa, wadda miji ya mutu ya bar wa yara, ta koma haɗa sabulu. Unguwa duk an gwada an gudu. Matar ta tsaya a bakin ƙofar sito tana share hawaye, ta ce duk wata sai Hajiya Ladi ta saya, ba ta taɓa neman ragi ba, kullum cewa take ba ta taɓa ganin sabulu irin nata ba.

Gwaggo dai ba ta yi ƙarya ba.

Allah Ya jiƙanki, Gwaggo. Yadda kika rufa wa baiwar Allah asiri ba wanda ya sani, Allah Ya rufa miki naki, Ya sa Aljanna ce makomarki.