Ashe Ni Ce Ƙarfen Cikin Kumbo

Shekarun baya, muna zaune a Kurmin Mashi, maƙwabciyata takan shigo bayan la'asar ta karanta mana gajerun labarai a wayarta. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma abin da ya shiga kunnena ya shiga ke nan.

Wanda muka fi so shi ne na wata mutum-mutumi mai girki a kumbon 'yan sama jannati. Sun kusa sauka duniyar Mars ta sa aka juya kumbo, wai ba a zuwa garin mutane hannu rabbana. Da suka gamu da wasu halittu masu kai uku, kowane kai sai da ta gaishe shi daban, har da ya yara ya gajiya, iskar shaƙarsu kuwa tana ƙarewa. Mu yi ta dariya har da hawaye. Ni ce ma mai cewa wannan ƙarfen akwai surutu.

Ran nan aka zo inda matuƙin kumbon ya suma. Mutum-mutumin ta tsaya a kansa ta ce, "Ka tashi mana. In ka mutu, wa zai riƙa cewa miyata ta yi gishiri?"

Mata suka kwashe da dariya. Ni kuwa tsintar shinkafar da nake yi ta tsaya cak. Maganar nan ni na yi ta, a asibiti, a kan maigidana bayan an yi masa aiki. Ba kowa a ɗakin, shi kuma bai farfaɗo ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Mutumin nan ma'aikacin gwamnati ne, ko a ɗaurin aure ba a ganin haƙorinsa. Shi ke nan, na ce a raina, mijina ya mai da ni abin dariyar gari.

Da ya dawo ko takalmi ban bari ya cire ba na tare shi. Ya daɗe yana goge tabarau, amma bai musa ba. Ya ce shi ne, da sunan aro yake rubutawa.

Na ce, "Alhaji, ashe kana ji?"

Ya ce, "Ina ji. Dariya ta zo min, ɗinki ya hana."

Sannan ya zaunar da ni ya karanto min abin da masu karatu ke cewa. Ba mai zagin ƙarfen nan. Wannan ya ce mahaifiyarsa ce sak, wata ta ce kakarta da ta rasu take gani, ana ta roƙonsa kada ya kashe mutum-mutumin a labarin.

Har yau in na tuna sai na riƙe baki. Ina zaton surutuna ta bayan kunnensa yake wucewa, ashe tarawa yake. Na kuma gane abin da ke jan mutane ga irin labaran nan: ba wanda ya je Mars, amma kowa yana da irin wannan matar a gida.

Sharaɗi ɗaya na kafa masa: abin da na faɗa ina kuka, nawa ne. Sauran surutun na bar masa, ai ba ya ƙarewa.